Kiran Kurwar Inna Eulalia

Chillkani, watan Yuli

'Yata Nilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da abokan yawonki na sama. Ni ina nan, gwiwar hagu ce ke ta yi mini tsiya tun shigowar sanyi, amma ba ta hana ni kasuwa ba. Tumaki lafiya, sai baƙar nan da ta haihu ta ƙi ɗan. Na ba Sabino direba takardar nan da ƙunshin busasshen dankali da cuku biyu, zai saka a motar Santa Cruz in ya isa La Paz. In kin ga cuku ɗaya ya rasa gefe, kin san bakin da ya taɓa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Matar Wilfredo ɗan Eulalia ta haihu a São Paulo, an samu mace, ya kuwa aiko wa iyayensa takardar jirgi su je su ga jika. Kin dai san Eulalia, La Paz ma sai ta yi addu'a take shiga mota. Jiya ta zo ta zauna mini a ƙofa tana ta saƙa tana warwarewa, ta ce, "Zenobia, abin da ba shi da ƙafa a ƙasa, in ya gaji a ina zai tsaya?" Na ce ta tambayi mijinta. Shi kuwa Anacleto sai cika baki yake a dandali wai jirgi ai mota ce mai fiffike, alhali tun ranar da takardar ta zo bai ci abincin kirki ba.

Ƙarshe ta ce ba za ta sa ƙafa ba sai in kina ciki. To, ki san yadda za ki yi da shugabanninki ki shiga jirginsu, zuwa da dawowa. Ba sai na tuna miki ba, ita ta riƙe ki a coci ranar baftisma, kuma da uwarki ta rasu a bayanta kika yi wayo kafin ki dawo hannuna. Shekara da shekaru kina raba wa baƙi shayi a sama, wannan karon ki raba wa naki. Amana na ba ki.

Kada ki aiko a kira ni wayar shago. Duk garin ke kasa kunne, ni kuwa ba na magana da wanda ba na ganin idonsa.

Gwaggonki,
Zenobia Tarqui

*

Santa Cruz, watan Agusta

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau. Ya gwiwa? Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ki rage ɗaukar buhu, ko da yake na san da bango nake magana. Ina lafiya, zafin garin nan ne dai har yau bai karɓe ni ba. Saƙo ya iso, cuku ɗaya da rabi.

Na kai su lafiya. Na yi musanya da wata abokiyar aikina na shiga jirginsu, na kuma gyara na dawowa a watan Satumba. Da ma kin ga Inna Eulalia! Ta sha siket kan siket, riga kan riga, ga mayafin nan mai ruwan ƙasa na zuwa biki, ga malfa a karkace. Tana hango ni a ƙofar jirgi ta kama hannun rigar aikina tana murzawa, ta ce, "'Yar nan, wannan yadin ba zai kai baɗi ba, an cuce ku." Kafin mu tashi ta gaya wa duk na kusa da ita cewa ita ta goya ni. Da muka daidaita a sama sai ta kwance ƙunshin dafaffen wake da soyayyen nama ta bi layi tana miƙa wa mutane, har wani mai kwat ya ci ya nemi ƙari. Baba Anacleto kuwa tunda ya rufe ido ya riƙe hannun kujera bai buɗe ba sai da muka sauka, sannan ya ce, "Ai na faɗa muku ba wani abu ba ne."

Tunda kin ce raba shayi ne aikina, bari in gaya miki abin da na yi makon jiya. Kowace shekara sai an mayar da mu aji an sake gwada mu a kan taimakon gaggawa. Akwai wani mutum-mutumin roba da ake shimfiɗa mana a ƙasa, mu yi ta danna masa ƙirji muna hura masa iska har hannu ya mutu. Malamar ba ta da wasa, tana tsaye a kanmu tana cewa, "Danna! Ba kwaɓin burodi kike ba. In kin ji ƙashi ya ƙara kada ki tsaya, haƙarƙari yana warkewa." Akwai kuma wata 'yar na'ura mai magana da ake manna wa mutum a ƙirji, in zuciya ta rikice ta girgiza ta da lantarki. Na ci gwajin. Allah dai ya sa mu yi ta yi a kan roba har mu bar aiki.

Ki gaishe da Sabino, ki ce na gode da rabin da ya bari.

'Yarki,
Nilda

*

Santa Cruz, Satumba

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Na san kafin wannan ta iso kin ji ta wayar shago. Inna Eulalia ta rasu a hanyar dawowa, zuciyarta ce. Allah ya jiƙanta.

Wilfredo zai biyo jirgin gobe, shi zai rako Baba da gawa. Ni an hana ni tafiya sai na gama amsa tambayoyi. Na amsa. Shugabannina sun ce ban yi kuskure ko ɗaya ba, na yi komai yadda aka koya mana.

Ba zan iya rubuta fiye da haka yanzu ba.

Nilda

*

Chillkani, ƙarshen Satumba

Nilda,

Gaisuwa. Ina nan da rai. Mun binne Eulalia, garin nan kaf ya fito, har mutanen ƙetaren tafki sun zo.

Na karanta takardarki na sake karantawa, ina neman inda kika yi kuka ban samu ba. Matar da ta goya ki ta mutu a hannunki, abin da kika ga ya dace ki aiko mini shi ne shugabanninki sun yaba miki? Raina ya ɓaci, Nilda, ba zan ɓoye miki ba.

Anacleto ya zauna a tsakar gidansa ya faɗi abin da ya gani, a gaban mutane, ni ina zaune kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ya ce kun ja ta a ƙasa zuwa bayan jirgi kamar buhu. Ya ce kin sa almakashi kin keta mata riga tun daga wuya har ƙasa, kin buɗe ƙirjin tsohuwa, ga maza suna leƙe. Ya ce kin hau ta kina dannawa har ya ji ƙashi ya ƙara. Ya miƙa hannu zai kama nata, kika buge masa hannu, ke, hannun Anacleto. Ya ɗauki mayafinta ya fara kiran kurwarta yadda kowa yake yi in mutum ya suma, kika daka masa tsawa ya yi shiru. Daga baya wani abokin aikinki ya kai shi kujera ya ɗaure shi da bel, ya sauka yana juyo da wuya bai ko ga fuskarta ba. Ki ce mini ƙarya yake.

Amma abin da ke cin sa ya fi wannan. Takardar likita ta ce a filin jirgin Santa Cruz ta cika. Shi ya ce ƙarya ne, shekara arba'in da wani abu yana kwana da matar nan, ya san ta tafi tun kuna sama. Kin san ƙa'ida, ko birni ya mantar da ke? Wanda ya firgita a bakin rafi, a bakin rafin ake zuwa da tufarsa a kira shi. Wanda ya faɗi a gona, a gonar. To ita a ina? Jiya ya tare ni a hanya ya ce, "Zenobia, in na ɗauki mayafinta ina zan nufa? In ɗaga kai in yi ta kira kamar mahaukaci?" Ga Ranar Matattu tana matsowa, kuma ta shekarar farko ce, wadda mamaci yake zuwa ya ga gidansa ya ci abin da aka ajiye masa. Ya ce za a shimfiɗa tebur, za a kunna kyandir, ita kuwa tana can tana gararamba inda ba hanya ba gari.

Ya ce in gaya miki kada ki taka masa gida. Na so in tare miki, amma ba ki ba ni komai ba sai yabon shugabanninki.

Zenobia

*

Chillkani, Oktoba

Nilda,

Gaisuwa. Gwiwa ta kumbura, na daina kasuwa.

Shiru har yau. Na ɗauka kin yi fushi ne, ko kuma ba ki da amsa. In fushi ne, ni na raine ki, ina da ikon faɗa miki. In kuma kin yanke shawarar ke yanzu ta can ce, ki faɗa mini in sani, in daina fita bakin hanya duk ranar da mota za ta shigo.

Anacleto ya rame, ba ya zuwa gona. Mata sun fara tanadin garin burodin Ranar Matattu, shi bai saya ba.

Sabino ya ce manoma sun toshe hanyar La Paz da duwatsu, bai san ranar da za a buɗe ba. Zan ba shi wannan duk da haka.

Zenobia

*

Santa Cruz, tsakiyar Oktoba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da gwiwa. Don Allah ki je asibitin gunduma a duba ta. Takardunki biyu tare suka iso jiya da aka buɗe hanya, ƙunshin ya kwana a tasha har cukun ya lalace. Ba fushi na yi ba. Ina ta jiran naki ne, ina cewa shirunki shi ne hukuncina.

Ba yabo na aiko miki ba, Gwaggo. Maganar nan ita kaɗai na samu na riƙe a lokacin, ita nake ta maimaita wa kaina don in iya tashi da safe. Kukan da kika nema, na yi shi har abokiyar ɗakina ta koma kwana falo.

Baba bai yi ƙarya ba, duk abin da ya faɗa na yi. Ga yadda aka yi. Ina tura keken shayi na iso layinsu, na ga kanta ya langaɓe, leɓenta ya canja launi, Baba yana shafa mata barasa a goshi. Na kira ta, na girgiza ta, ba numfashi. A kujera ba a iya danna ƙirji, dole sai ƙasa mai tauri, shi ya sa ni da Rogelio abokin aikina muka ja ta zuwa kicin ɗin baya. Shugabarmu Ivonne ta yi shela ko akwai likita, ba kowa. Na'urar nan ba ta aiki sai a kan fata, ga Inna da riguna kan riguna, in na tsaya ɓalle maɓalli lokaci ya tafi. Na yanka. Na ce Ivonne ta ja labule, ta ja cikin gaggawa, bai rufu duka ba. Wannan har gobe yana damuna.

Hannun Baba kuwa, na'urar ta ce kowa ya janye za ta saki lantarki, na ga yatsunsa suna shirin kama nata. Da ya taɓa ta da shi ma ya sha, ga shi tsoho. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya tafi. Tsawar ma haka, na'urar magana take tana gaya mini abin da zan yi, muryarsa ta rufe tata. Na ji abin da yake cewa sarai, Gwaggo, ni ma da shi aka kira ni ranar da kare ya bi ni ina ƙarama. Na ce masa, "Baba, yi shiru!" Ya kuwa yi shiru. Da ma ya zage ni ne da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga abin da ban gaya wa shugabannina ba. A aikinmu ba a yarda mu ce mutum ya mutu ba. Mu ba likitoci ba ne, namu mu yi ta dannawa har mu miƙa shi ga likita a ƙasa, shi zai faɗa, shi ya sa takarda ta ce Santa Cruz. Amma Baba ya yi gaskiya. Na san lokacin da ta tafi, don hannuna yana kanta. Bayan girgiza ta biyu ta ja wani numfashi guda, na ce ta dawo, sai na ji jikin ya sake gaba ɗaya, ba irin sakin suma ba. Rogelio ya karɓe ni, na koma baya a durƙushe na jingina da ƙofa, na duba ta 'yar tagar nan. Ruwa na gani a ƙasa yana ƙyalli ko'ina, babban fadamar nan ta kan iyaka, da kogi ya yi lanƙwasa kamar lauje. Daga baya na tambayi matuƙinmu, ya ce daidai nan muke tsallake kogin Paraguay muna shigowa ƙasarmu. Ki gaya wa Baba ba a ƙasar baƙi ta tafi ba, ta shigo gida.

Daga nan na koma kanta, har muka sauka ban daina dannawa ba. Ƙa'ida ce, amma ba don ƙa'ida kaɗai ba. Na san in na ɗaga hannu Baba zai gane, ni kuwa ban da ƙarfin kallon idonsa.

Ina ratsa wurin nan sau biyu kowane mako. Duk lokacin da na hango kogin sai in ba wani keken in shige bayan gida in rufe.

Ba zan taka masa gida ba tunda ya hana. Amma ki karanta masa wannan in zai saurara.

'Yarki,
Nilda

*

Chillkani, ƙarshen Oktoba

'Yata,

Gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, ban je asibiti ba, kada ki fara. Na yi miki faɗa a kan abin da ban fahimta ba, ya zauna mini a rai, ki yi haƙuri da tsohuwa.

Na dogara sanda na je na karanta masa. Yana zaune yana tauna ganyen koka, bai ɗago ba har na kai wurin kogin, nan ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Ta tsallako?" Na ce haka kika rubuta. Sai ya kifa kai a gwiwa, na bar shi ya yi mai isarsa.

Da ya natsa ya gaya mini abin da bai faɗa a gaban mutane ba. Ashe tun ana tashi take cewa ƙirjinta na zafi, muƙamuƙinta na ciwo. Ya ce bari ya danna maɓallin kira, ta riƙe masa hannu ta ce, "Kai, bar yarinya tana aiki, kada shugabanninta su ce danginta 'yan ƙauye ne masu fitina." Ya biye mata. Ban ce masa komai ba, ke ma kada ki taɓa ce masa.

Yau da safe ya zo da mayafin nan mai ruwan ƙasa a naɗe, ga shi cikin ƙunshin. Bai ce ya yafe ba, ban kuma tambaye shi ba. Cewa ya yi, "Wadda ta san wurin ita za ta kira. Ni ƙafata ba ta kai can."

Ki saurara da kyau tunda kin iya bin ƙa'ida. In kun iso kan kogin ki buɗe mayafin ki kaɗa shi a hankali, ki kira ta da sunanta, ki ce ta zo a tafi gida, ki gaya mata sunan garin. Ba da tsawa ba, lallashi ake yi. Sannan ki naɗe ki rungume a ƙirji. Daga nan ba waiwaye, ba magana da kowa, har ki sa shi a hannun Anacleto. Yadda za ki yi da bakin nan naki na sannu da zuwa, sai mun sake ganinku, ke kika sani. Dole ya iso kafin tsakar ranar ɗaya ga wata, lokacin da matattu suke sauka.

Gwaggonki

*

Santa Cruz, Nuwamba

Gwaggo,

Na iso lafiya, ina gaishe ki da gajiyar baƙi. Ki yafe mini da na juyo a motar Sabino ban ko zauna ba, kwana ɗaya aka ba ni, ga gidan cike da mutane ba wurin magana.

Na gaya wa Ivonne tun kafin mu tashi, ina jiran ta yi mini dariya, don ita 'yar birni ce. Ta dube ni ta ce, "Me kike so mu yi?" Ta je ta roƙi matuƙi ya kaɗa ƙararrawa in mun kusa kogin. Da ta kaɗa, Rogelio ya ja labulen kicin ya tsaya a bakinsa, wannan karon ya rufu ruf. Na durƙusa daidai inda muka kwantar da ita. Kunya ta fara kama ni, ga ni cikin rigar aiki ina kaɗa mayafi a gaban akwatunan abinci. Da na buɗe shi ƙanshin hayaƙin murhunta ya bugi hancina, kunyar ta tafi. Na ce, "Inna Eulalia, zo. Ni ce Nilda. Zo mu tafi Chillkani, Baba yana jira, kada ki tsaya nan." Na ƙara da cewa ta yafe mini rigar. Ban san ko ta ji ba, Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba.

Sauran aikin su suka yi mini. Ivonne ta gaya wa fasinjoji maƙogwarona ne ya kama. Rogelio ya raka ni har jirgin La Paz, ya yi mini duk maganar da ake bukata. A tashar mota Sabino ya gan ni rungume da ƙunshi ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, sai ya gane, ya cire hula ya buɗe mini gaba, har muka iso bai kunna rediyo ba.

Kin ga yadda aka yi a ƙofa. Na tsaya daga waje tunda ba a ce in shiga ba. Ya fito ya karɓa da hannu biyu, ya juya ya shige, bai dube ni ba. Ban yi don a gode mini ba, amma na yi kuka a mota har La Paz. Ki gaya mini gaskiya, ko baɗi ma a waje zan tsaya?

Nilda

*

Chillkani, Nuwamba

'Yata Nilda,

Gaisuwa. Ina lafiya, baƙi sun watse, sun bar mini wanke-wanke da ciwon baya.

Ke dai ba ki da haƙuri. Wanda ya karɓi kurwa shi ma ba ya magana ba ya waiwaye sai ya kai ta mazauninta, wannan ma sai na koya miki? Ya shiga ya shimfiɗa mayafin a kan tebur, tsakanin kyandir da kwanon miyar gyaɗar da take so, ya zauna kusa da shi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar yadda suke hira in sun dawo gona. Da tsakar rana ta yi, wani ƙuda ya shigo ya sauka a bakin kwanon, mata suka ce ta iso. Ni ban san na ƙuda ba, amma na ga Anacleto ya ci abinci har ya suɗe hannu. Can ya ɗago ya ce, "Ina yarinyar?" Na ce kin tafi, aiki. Sai ya ce, "Ko ruwa ba ta sha ba."

Da kin shigo da kin ga abin da ya ba mutane mamaki. Kin san kowa yana gasa wa mamacinsa tsani na burodi da zai sauko da shi, da doki da zai mayar da shi. Ashe ranar da ya ba ni mayafi ya wuce wurin mai tanderu ya ce shi ba doki za a yi masa ba, jirgi. Mai tanderu ya ce bai taɓa yi ba. Anacleto ya ce, "Matata ba da doki za ta zo ba." Abin ya fito kamar kifin da aka taka, fiffike ɗaya ya fi ɗaya, amma ba wanda ya yi dariya.

Washegari a maƙabarta aka raba burodin tebur ga masu addu'a, kamar kullum, wanda ya karɓa ya ci ya roƙa mata. Jirgin ya hana kowa, har Fada limamin coci ya miƙa hannu ya ce a'a. Jiya ya kawo mini shi naɗe a tsumma, ga shi cikin ƙunshin nan, na ja wa Sabino kunne a kansa. Na tambaye shi me zan rubuta. Ya ce, "Ce mata ta ci ta yi wa uwarta addu'a. Ce mata baɗi ita za ta shimfiɗa teburin, ni ban iya ba, kuma Eulalia ba ta haifi mace ba."

Zai yi tauri kafin ya iso. Ki jiƙa shi a shayi, ki cinye duka.

Gwaggonki,
Zenobia